Ranar Da Injin Kawuna Ya Tafi Hutu

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, in an ce hutu, hankalin kowa ya kan tafi ga ɗan makaranta da malaminsa. To, ba mu kaɗai mu ke samun hutu ba. A ƙasar Kalgo akwai wani ma'aikaci wanda hutunsa ya fi namu tsawo nesa ba kusa ba, don ya kan yi wajen wata bakwai yana tsaye wuri guda bai motsa ba. Wannan ma'aikaci kuwa shi ne injin kwalekwale. Labarin yadda a ke shirya shi kafin ya tafi wannan dogon hutu na ke so in ba ku, domin da hannuna a ka yi aikin a hutun Disamban da ya wuce, kuma abin ya shafi gidanmu fiye da yadda za ku zata.

Ni mutumin Gwandu ne, na san kuma wani zai ce ina ruwan Bagwandare da kwalekwale? Gaskiyarsa. Garinmu an san shi da hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da karatu da noma, ba da tuƙin jirgi ba. Amma mahaifiyata 'yar ƙasar Kalgo ce, ƙaninta kuma, watau kawuna, fito ne sana'arsa tun yana saurayi. Gulbin nan da ya gangaro daga Sakkwato ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi, shi ne ya ke ratsa fadamarsu kafin ya yi kudu ya faɗa kogin Kwara. Wanda ya gan shi da rani kaɗai ba zai yarda da labarinsa na damina ba. Daga watan Agusta zuwa Satumba ruwa ya kan bar hanyarsa ya malale fadama, ka duba iyakar ganinka ba ka hango gaci ba, balle in an saki ruwa daga madatsun Goronyo da Bakolori. Waɗanda su ka ga ambaliyar 2020, wadda ta cinye shinkafar manoma da yawa a Jihar Kebbi, sun san abin da na ke faɗi. A wannan lokaci mutanen ƙetare ba su da mota sai jirgi. Mai zuwa kasuwa, da mai naƙuda, da amarya da 'yan rakiyarta, da buhunan hatsi da tumaki, duk a jirgi su ke haye ruwa.

Da zarar ruwan sama ya ɗauke, sai gulbi ya fara janye jikinsa. Kafin Disamba fadama ta bushe, 'yan mashin sun buɗe hanyoyinsu, ɗan ruwan da ya rage kuma da gora a ke tura jirgi a haye shi, ba mai ƙona fetur a kansa. Can wajen Yawuri, inda Kwara ke da ruwa rani da damina, injuna ba su hutawa. A Kalgo kuwa dole a kwance inji daga gindin jirgi a kai shi gida, sai wata daminar.

Injin kawuna Yamaha ne mai ƙarfin doki 15, na hannu, a Yawuri a ka saye shi. Abin da ya sa na ce ya shafi gidanmu shi ne, rabin kuɗinsa mahaifina ne ya biya, da kuɗin albasa. Kowace damina in an cire na mai da na gyara, sai a raba abin da ya rage biyu. Garin kwaki da sukari da sabulun da ke cikin akwatina, da littattafaina, da kuɗin motar da ke kawo ni makaranta, yawancinsu daga rabon nan su ke fitowa. Amma tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da a ka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, sai rabo ya fara ƙanƙancewa. In Kawu ya ƙara kuɗin fito, talakawa su koma wa jirgin filafili ko da zai daɗe bai kai su ba. In bai ƙara ba, mai ya cinye ribar. Saboda haka Baba ya ce shi dai a sayar da inji, ya ɗauki rabonsa ya haɗa famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana a gonarsa ta Gwandu. Kawu kuwa ba shi da kuɗin da zai saye rabon Baba, in kuwa a ka sayar, ya koma tuƙi da hannu ke nan a shekarunsa.

Surukai ne, ba sa jayayya baki da baki. Ta bakin Inna a ka yi ta kai magana ana kawowa, har a ka tsaya a kan cewa ranar ajiye inji za a duba cikinsa. In an tarar ya ci ciki, yana neman babban gyara, a sayar. In lafiyarsa ƙalau, a ƙara damina guda. Baba ba ya iya barin albasa a lokacin, sai ya ce da ni, "Tun da kai ne ɗan boko, tafi ka zama idona. Abin da ka gani shi za ka faɗa mini." Ku duba wannan matsayi fa, jama'a. Tuwon gidan Kawu zan ci, a tabarmarsa zan kwana, kuma ni ne shaidar da za ta iya raba shi da injinsa.

Da sassafe mu ka fara, ana hazo, hannu har ba ya son taɓa ƙarfe. Kawu ya kira wani makanike abokinsa, dattijo mai ƙarancin magana. Mu ka cika duro da ruwan rijiya, a ka gicciya katako a bakinsa, a ka ɗaure inji yadda ƙafarsa ta nutse sosai. Dalili kuwa, shi injin jirgi ba shi da lagireto irin na mota. Ruwan da ya ke tafiya a ciki shi ya ke zuƙa ta wasu 'yan ƙofofi a ƙafarsa, wata 'yar roba mai fukafukai ta tura shi sama ya zagaya kan inji ya sanyaya shi, sa'an nan ya fito. Wani sashe na ruwan ya kan tsarto ta wata 'yar kafa a gefe, masu jirgi na kiransa fitsarin inji, kuma direban kirki ba ya minti biyu bai waiwaya ya dube shi ba. In fitsari ya tsaya, to, inji na gab da ƙonewa. Ita robar nan ba ta jure bushewa, in an ta da inji a tudu ba ruwa, kafin ka ƙirga sittin ta lalace. Ruwan damina kuma ja ne wur, cike da laka da yashi, in an bar shi ya bushe a cikin hanyoyin nan sai ya daskare kamar yumɓu. Shi ya sa a ke fara wanke cikin da ruwa mai tsabta.

Kafin a ta da shi sai da makanike ya zare farfela, don kada ta sari duro ko hannun wani. A nan ne gabana ya fara faɗuwa. Bayan farfelar, a jikin sandar da ke juya ta, zaren taru ne ya naɗe tam, har zafi ya narkar da shi ya zama kamar zobe. Makanike bai ce kome ba, ya sa wuƙa ya yanke shi a hankali, ya miƙa wa Kawu. Daga baya na gane abin da ya sa su ka yi shiru. Akwai wata roba a wurin da ke hana ruwa shiga cikin giya, ta kuma hana mai fita, zaren masunta kuwa shi ne babban abokin gabarta, don ya kan ci bakinta kamar zarto.

A ka ta da inji ya yi ta aiki a hankali kamar minti goma, ruwan duro ya koma launin koko, mu ka zubar mu ka sake wani. A karo na biyu, yana cikin aiki, Kawu ya cire tiyon mai daga jikinsa, ya bar shi yana shan abin da ya rage a kafireta har ya yi tari ya mutu don kansa. Sa'an nan makanike ya kwance wani ɗan noti a ƙarƙashin kafireta, sauran man ya ɗiga a tsumma. Wannan mataki shi ne wanda masu gaggawa su ka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi jawo kuka da damina. Irin wannan inji ba shi da wurin zuba baƙin mai daban, a cikin fetur a ke gauraya masa, kashi 1 na baƙin mai ga kashi 50 na fetur, watau rabin lita ga lita 25. To, in an bar wannan haɗi cikin kafireta, zafin Maris da Afrilu, wanda kan wuce digiri 40 a ƙasarmu, sai ya busar da fetur ɗin ya bar wani abu mai danƙo kamar ƙaro. Ƙofofin da mai ke bi kuwa ba su fi bakin allura ba. Ranar da ruwa ya kawo, fasinjoji na jira, sai ka ga mutum yana ta jan igiya har kafaɗarsa ta yi ciwo, inji ko tari. Tankin ma mu ka juye shi kaf, mu ka kife shi a inuwa.

A nan bari in ɗan ratse. Malaminmu na kimiyya ya taɓa gaya mana cewa ruwa in ya zama ƙanƙara ya kan ƙara girma da misalin kashi 9 cikin 100. A ƙasashen sanyi irin su Kanada da Norwe da arewacin Amurka, inda tafkuna ke daskarewa har a yi tafiya a kansu, wannan shi ne abin tsoron masu jirgi. Ɗan ruwan da ya kwana a cikin inji sai ya daskare ya tsaga ƙarfe. Don haka su ma kowace shekara kafin hunturu su kan yi wa injunansu irin wannan shiri. Can ne ma asalin abin, domin wani haifaffen Norwe mazaunin Amurka, Ole Evinrude, shi ya ƙera injin da ya fara karɓuwa a kasuwa, a birnin Milwaukee a 1909, kamfanin Yamaha na Japan kuma bai fitar da nasa na farko ba sai 1960. Da na ba Kawu wannan labari sai ya yi dariya, ya ce ashe Turawa ma gulbinsu na ƙin jirgi, su nasu ya yi tauri, mu namu ya gudu. Sanyinmu dai, kome tsananinsa, bai taɓa daskarar da ruwan randa ba. Namu abokan gaban daban ne, zan zo kansu.

Da hantsi a ka zo kan giya, abin da ya kawo ni. A ka fitar da inji daga duro, a ka tsayar da shi a jikin wani benci, a ka ajiye kwano a ƙarƙashi. Noti biyu ne a ƙafar, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Makanike ya kwance na ƙasa, sa'an nan na sama don iska ta shiga. Man giya mai lafiya, ko ya tsufa, baƙi-baƙi ya ke fita kamar zuma mai duhu. In ruwa ya shiga kuwa, sai ya yi fari-fari kamar an dama shi da nono. Mu uku mu ka durƙusa muna kallo. Abin da ya fara fitowa ɗigon ruwa ne, biyu ko uku, sa'an nan mai ya biyo baya, launinsa kamar shayi da madara.

Ba wanda ya dubi wani. Can sai makanike ya tsoma yatsa, ya murza man tsakanin yatsunsa, ya fita rana ya ɗaga hannu yana dubawa. Ya kira ni ya ce in murza ni ma. Ya ce abin da za a ji tsoro shi ne ɓarɓashin ƙarfe, in haƙoran giya sun fara cin juna za ka ji shi kamar yashi, ka kuma ga yana ƙyalli a rana. Na murza, na sake murzawa, santsi kawai na ji. Ya sa giya gaba, ya sa baya, yana juya sandar da hannu yana saurare. Hukuncinsa shi ne, ruwa ya shiga, amma bai daɗe ba, roba ce kaɗai ta mutu, haƙora na nan garau. Ya ƙara da cewa da an jingine injin nan haka har wata bakwai, da ruwan nan ya kwanta a ƙasa ya sa tsatsa ta cinye boris da haƙora, sai dai a sayi ƙafa sabuwa, kuɗinta kuwa ya isa ya sa a haƙura da injin gaba ɗaya.

To, ni yanzu me zan faɗa a Gwandu? Sharaɗi ya ce in ya ci ciki a sayar, in lafiya a bari, ga shi abin ya faɗo tsakiya. Ina cikin wannan tunani sai na ga Kawu ya shiga gida ya fito da wata 'yar kwalbar magani wankakka. Ya ɗebi man nan ya cika ta, ya toshe, ya haɗa da zoben zaren, ya ɗaure a leda ya miƙo mini. Ya ce, "Kai ma babanka wanga, shi gani da idonai. Kada ka rage kome, kada ka ƙara." Na ce, "To, Kawu." Ban san lokacin da na sa hannu biyu na karɓa ba.

Sauran aikin ya tafi da sauri. A ka ɗura sabon man giya ta ƙofar ƙasa, ana matsa shi har ya tumbatso ta sama, domin in ta sama a ka zuba iska kan maƙale a ciki a zaci ya cika. A ka cire fulogi biyun, a ka ɗiga baƙin mai kaɗan a kowane rami, ni kuma a ka sa ni jan igiya sannu a hankali don man ya shafe bangon silinda. A ka mai da fulogi, a ka shafa giris a sandar farfela da duk wata gaɓa mai motsi, a ka goge jikin da tsumma mai ɗan mai.

Saura abokan gaban da na ce zan zo kansu. Na farko ƙurar hunturu, wadda ba ta neman izini. Na biyu ɓera, mai son cin tiyo da wayoyi, ya kuma yi sheƙa a ƙarƙashin murfi. Na uku, wanda ya fi su duka wayo, shi ne zanzaro. Ba irin wanda firifet ke kama mu a kansa ranar Litinin ba, a'a, ƙwaron nan mai siririn ƙugu da ke gina ɗaki da laka. Ba abin da ya ke so kamar ɗan rami mai duhu, kafar fitsarin inji kuwa kamar don shi a ka yi ta. Ya cika ta da laka ya tafi abinsa. Kawu ya ce ya san wanda ya kai injinsa har Birnin Kebbi wajen gyara, a ka kwance famfo duka, ashe ginin zanzaro ne bai kai ƙwayar gero uku ba. Saboda haka mu ka toshe kowace kafa da tsumma, a ka ɗaura wa kowace toshiya jan zare mai tsawo yana reto, don kada a manta da ita ranar tayarwa. Daga nan a ka kai inji ɗakin Kawu, ba zaure ba, don ɓarayi ma suna cikin lissafi. A tsaye a ka kafe shi a jikin katako, kai sama ƙafa ƙasa, yadda duk ruwan da ya rage zai tsiyaye, a ka ɗaga shi daga ƙasa saboda gara kada ta ci katakon. Da buhun algarara a ka lulluɓe shi. Kawu ba ya yarda da leda, ya ce da bazara in iska ta yi laima leda kan sa ƙarfe gumi.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan ɗan inji? Ni dai na taɓa shiga jirgin Kawu a tsakiyar Satumba, da mutum wajen ashirin da kayansu, na ga yadda igiyar ruwa ke fizgar kainuwa da rassan itace tana wucewa da su. A irin wurin nan in inji ya mutu, jirgi ya kan juya ya ba ruwa gefensa, mutane su firgita su miƙe tsaye, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi. Mutanen jiharmu ba su manta da ranar 26 ga Mayu, 2021 ba, sa'ad da jirgi ya nutse a Kwara kusa da Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski, a ka rasa rayuka masu yawan gaske. Hukuma ta ce lodi ne ya yi yawa a wancan, ba inji ba. Amma tun daga lokacin Kawu ya rage yawan mutanen da ya ke ɗauka, ya daina fito bayan magariba, kuma ba ya fita sai da filafili biyu da fulogi na ajiya a aljihu.

Da na koma Gwandu na tarar da Baba a gona. Na gaishe shi, na miƙa masa ƙullin, na faɗi abin da na gani daki-daki, har da maganar makanike. Ya ɗaga kwalbar ya girgiza, ya tambaye ni, "Kai ka murza da hannunka, ko gaya maka a ka yi?" Na ce na murza. Ya ce, "Shi ya ba ka kwalbar, ko kai ka roƙa?" Na ce shi ya ba ni. Bai ƙara cewa kome ba, ya sa ta aljihu. Da dare na ga ya ajiye ta a kan taga, da safe kuma ya sake ɗagawa yana duban yadda ɗan ruwan ya kwanta a gindi.

In kun tambaye ni, ina ganin Baba yana da hujja. Rana ba a sayenta, fetur kuwa kullum sai an saya, albasa kuma ba ta jiran ambaliya kafin ta kawo kuɗi. Amma famfon Gwandu gonarmu kaɗai zai shayar, alhali injin Kalgo ƙauyuka ne ke jiransa. Ban faɗa masa haka ba, don ba a tambaye ni ba, aikena a ka yi in gano.

Bayan kwana uku ya ce da Inna ta aika wa ƙaninta cewa a ƙara damina guda. In ya kai albasa kasuwar Aliero zai ba da rabin kuɗin robar giya, a kuma haɗa da sabuwar robar famfo tun da za a buɗe ƙafar, amma maganar sayarwa tana nan, za a sake ta bayan ruwa ya janye. Kawu ya aiko da godiya da busasshen kifi, da saƙo gare ni. Wai in an ba mu hutun Afrilu in biyo ta Kalgo kafin in wuce gida, mu yaye buhu, mu duba ko ɓera ya yi ɓarna, in ja igiya sau biyar ko shida don kada fistin ya kama, mu ƙirga jajayen zaren nan kuma mu ga suna nan su huɗu.